Amsoshin Wasiƙunku: Rini, Ginin Tukwane da Narka Gilashi

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan a kan sana'o'in hannu suke. Na zaɓi biyar daga cikinsu saboda masu su sun faɗi ainihin abin da ya same su a wurin aiki, kuma irin wannan tambaya ita ce take amfanar wanda bai rubuto ba. Na taƙaita su saboda ƙarancin fili, amma ban sauya ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Gusau, na koyi rinin shadda a wurin wata maƙwabciyata, ina kuma sayarwa a cikin gida. Damuwata ita ce shuɗin da nake rinawa yana zuba da zarar an wanke shi, har wata ta dawo mini da yadi biyar. An ce in riƙa zuba gishiri, na zuba, amma bai hana ba. Shin rinin karofi ma haka yake yi, ko kuwa maganin da nake saya ne ba shi da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya sanya albarka a cikin sana'ar. Gishirin nan ba zai yi miki maganin komai ba. Akwai irin rinin da gishiri yake taimaka wa, amma shuɗin baba da danginsa da iska suke kama zare. Domin ki gane inda gizo yake saƙar, bari in kai ki bakin karofi tukuna, sannan mu dawo kan robar da kike rini a ciki.

A marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, marini yakan cika rami da ruwa, ya zuba baba da toka da kanwa, ya ƙara da katsi, wato laka da ta kwanta a gindin tsohon rami, wadda aka kwaso aka shanya aka ƙona. Daga nan sai ya bar ramin ya tsima na kwanaki, yana zuwa yana motsa shi da doguwar sanda. Launin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa kamar yadda sukari yake narkewa. Sai toka ta sa ruwan ya yi kaifi, ƙananan halittun da ke haddasa tsimuwa kuma sun cinye iskar da ke cikinsa, sannan launin yake sauya kama ya narke, har ya iya ratsa cikin zare. Alamar da marini yake dubawa ita ce kumfa mai duhu da ƙyalli kamar na jan ƙarfe a saman ruwan, da kuma warin da duk wanda ya taɓa bi ta marina ya san shi.

Na taɓa tsayawa kusa da wani dattijo marini yana tsamo farin ƙyalle daga rami. Da ya ɗago shi, ƙyallen ya fito kore-kore mai ɗan rawaya, kamar ruwan da aka dafa zogale a ciki. Ya matse shi a hankali, ya warware shi, ya riƙe a sama da hannuwansa waɗanda baba ya riga ya rine har gwiwar hannu, kuma kafin mu gama gaisawa koren ya juye shuɗi ina kallo. Abin da ya faru shi ne iska ta mayar da launin ga kamarsa ta asali wadda ba ta narkewa, sai ya maƙale a cikin zaren, ruwa ba ya iya fito da shi. Sai ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa. Shuɗi mai duhu ba daga tsomi ɗaya yake zuwa ba, ana tara shi ne hawa-hawa, tsomi da shan iska, sau da yawa.

Kostik da haidiros, wato magungunan haɗa rini da kike saya a kasuwa, aikin nan suke yi cikin ƙasa da awa ɗaya. Kostik ya maye gurbin toka da kanwa, haidiros kuma ya maye gurbin tsimuwa. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fito da shunin masana'anta kasuwa a 1897, wannan hanya ta riƙa cin ƙasa a duniya, har ta iso tsakar gidanki. Saboda haka dokar da take kan marinin karofi tana kanki, kuma a ganina a nan matsalarki take. Mai rini a gida takan so ta gama da wuri, sai ta zuba magani da yawa, ta danna yadi a ciki ta bar shi ya daɗe, ta fito da shi baƙi wuluk. Mafi yawan wannan launi a bayan zaren ya zauna, bai shiga ciki ba, kuma shi ne wanda mai sayen ta gani a ruwan wanki. Ki rage maganin, ki riƙa tsomawa na 'yan mintoci, ki fitar ki warware yadin ya sha iska har kore ya ɓace gaba ɗaya, har a cikin ninki, sannan ki maimaita sau huɗu ko biyar. Idan kin gama ki ɗauraye har sai ruwa ya fito garau, ki wanke da sabulu sau ɗaya kafin ki sayar, ki kuma shanya a inuwa.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan mantawa da su. Sabuwar shadda tana zuwa da sitati da maiƙon masana'anta, waɗanda suke tare launi, don haka sai an wanke ta da ruwan zafi kafin ta shiga rini. Haidiros kuma yana mutuwa idan an bar shi a buɗe ko danshi ya taɓa shi. Idan kin haɗa ruwan rininki kin ga cikinsa shuɗi ne maimakon kore mai rawaya, to bai yi ba, ko da kin tsoma aikin banza ne. Ki kuma gwada yadin da kansa, ki zare zare ɗaya ki ƙona. Auduga takan bar toka mai laushi da ƙaurin takarda, wanda aka gauraya da roba kuwa yakan narke ya dunƙule, kuma irin wannan ba ya shan baba.

Game da ko rinin karofi ma yana zuba, sabon rini yakan saki ɗan launi a wankin farko, kamar yadda sabon wandon jins yake yi, domin shi ma da shuni ake rina shi. Turkuɗi da rawani ɗan Kura kuwa da gangan ake musu haka. Bayan an rina su sai a kai mabuga a buga musu garin shuni har su yi ƙyalli, kuma Buzaye da suke saye suna son yadda yake shafar fata. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ba da labarin yadda rinannun tufafin Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Amma mai sayen shaddarki ba turkuɗi ta zo nema ba.

Sai gargaɗi ɗaya. Kostik yana cin fata, yana kuma makanta ido. A cikin ruwa ake zuba shi kaɗan-kaɗan, ba a zuba masa ruwa a kai, ki sa safar hannu ta roba, ki yi aikin a fili, ki ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa, kuma kada ki zubar da ragowar ruwan kusa da rijiya.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Maraɗi. Ban da baba, waɗanne tsirrai namu ne suke ba da launi, kuma me ya sa wanda na gwada da gangamau ya koɗe cikin mako biyu?

Amsa: Malam, gangamau yana ba da rawaya mai kyau a ranar farko, amma rana tana cinye shi da sauri, kuma babu dabarar da za ta sa ya dawwama. Idan rawaya kake so, saiwar tsiron rawaya da ganyen marke sun fi shi riƙo. Ja kuwa dukawa sun daɗe suna samun sa daga karan dafi, shi ne sirrin jar fatar da ƙasar Hausa ta yi suna da ita. A kudu, inda baba bai yawaita ba, da ganyen talaki Yarabawa suke rina adire, suna kare wuraren da ba su so launi ya taɓa da ɗauri, ko ɗinki, ko kunun rogo.

Bambancin waɗannan launuka da baba shi ne yawancinsu suna bukatar abin da zai ɗaure su da zare. Alif, wanda ake sa wa ruwa ya kwanta, shi ne mafi sauƙin samu. Auduga ta fi karɓarsa idan an fara jiƙa ta a ruwan bagaruwa, sannan ruwan alif, sannan launi. Idan kuma ruwan ganye mai bauri irin na marke ya haɗu da ƙarfe sai ya koma baƙi, kuma a kan wannan aka gina bogolan na ƙasar Mali. Sukan jiƙa saƙi a ruwan ganyen marke ya yi rawaya, su zana shi da taɓon kogi da aka ajiye ya daɗe yana tsima, sai ƙarfen da ke cikin taɓon ya bar baƙin zane wanda ba ya fita ko da an wanke taɓon. Kana iya gwada wannan da tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa da ka jiƙa a ruwa.

Tambaya: Gaisuwa mai yawa. Ina koyon ginin tukwane a wurin kakata a wani ƙauye kusa da Damagaram. Nata ba sa fashewa a wuta sai jefi-jefi, amma nawa, cikin goma sai huɗu su fashe, wasu da ƙara kamar bindiga. Yumɓu ɗaya muke ɗiba. Ita tana cewa hannuna ne bai nuna ba. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Ɗana, kakarka ta faɗi gaskiya, sai dai ta faɗe ta a dunƙule. Kana kuma yankin da ya san tukunya, domin tulunan Mirya ba su bukatar talla. Fashewar da take da ƙara kusan kullum ruwa ne. Tukunya tana iya bushewa a waje, ta yi fari, alhali cikin jikinta da sauran danshi, musamman a gindi da wuya, inda sabon hannu yakan bar kauri. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, kuma idan ya zama tururi yana neman wuri fiye da ninki dubu na wanda yake ciki a da. Idan wuta ta taso masa da sauri bai sami hanyar fita ba, sai ya fasa bango ya fita. Ka lura da kakarka sosai. Za ka ga tana shanya tukwanenta a inuwa kafin ta fitar da su rana, tana juya su, kuma a ranar toyi takan kifa su a kan ɗan garwashi ko ta ƙona ciyawa a cikinsu su yi ɗumi kafin ta jera su ta rufe da kara da itace da kashin shanu. Wannan ɗumamawa, wadda mai gaggawa yake gani kamar ɓata lokaci, ita ce take ceton rabin kaya. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Akwai gwaji mai sauƙi. Ka ɗora tukunyar a kuncinka da safe. Idan ka ji ta da sanyi fiye da wadda ka tabbata ta bushe, to da sauran ruwa, ka ƙara mata kwana.

Abu na biyu shi ne haɗin yumɓu. Ka ce wuri ɗaya kuke ɗiba, amma ba ka faɗi abin da kowa yake ƙarawa ba. Yumɓu zalla mai santsi yana da daɗin aiki a hannu, sai dai yana tsukewa da yawa idan yana bushewa, kuma ba ya barin tururi ya wuce. Shi ya sa magina suke daka tsingaron tsofaffin tukwane su gauraya, wasu su sa yashi, wasu ƙaiƙayi ko busasshen kashin jaki. Tsingaro ya riga ya ga wuta, ba zai ƙara tsukewa ba, ƙaiƙayi kuma yakan ƙone ya bar ƙananan ƙofofi. Ka kalli yawan da take zubawa, ka kuma kalli tsawon lokacin da take ɗauka tana cuɗa shi, domin ƙaramar tsakuwar farar ƙasa ɗaya da ta tsira a ciki ta isa ta ɓantare gefen tukunya bayan an gama toyi.

Idan kuma tsagewa ce ba fashewa ba, wato ka kwashe ka tarar da layi siriri daga baki zuwa ciki, to ka duba wurin da ka haɗa nadin yumɓu da na ƙasa da shi, wataƙila ba ka murje su sun zama ɗaya ba. Ko kuma iska mai sanyi ce ta bugi tukunyar tana da zafi. Yashin da ke cikin yumɓu yana kumbura farat ɗaya a digiri 573, yana kuma komawa farat ɗaya idan zafi ya sauko ta wannan mataki, saboda haka gefen da ya riga ɗan uwansa hucewa yakan ja shi har ya tsage. Wutar fili takan kai tsakanin digiri 600 da 900, kuma sai yumɓu ya wuce wajen 600 yake zama tukunyar da ruwa ba zai mayar da ita laka ba. Ban taɓa ganin magina ta sayar da tukunya ba tare da ta ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa ba. Wadda ta nuna takan amsa da ƙara mai tsawo, wadda ta tsage ko ba ta nuna ba kuwa sai ta amsa a dakushe. Ka riƙa ƙwanƙwasa nata da naka har kunnenka ya rarrabe.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Kaduna. Ina son in koya wa ɗalibaina yadda ake sa wa tukunya ƙyalli irin na tangaran, kamar yadda na ji Ladi Kwali ta yi. Wani ya ce mini ana iya yi da dalmar tsohon batirin mota. Haka ne?

Amsa: Malama, kada ki kusanci wannan shawara, kada kuma ki bari yaro ko ɗaya ya taɓa ta. Gaskiya ne dalma tana sa shafen gilashin da ake yi wa tangaran ya narke a ƙaramar wuta, kuma an daɗe ana amfani da ita a ƙasashe da dama saboda haka. Amma abinci mai tsami, irin su kunun tsamiya da zoɓo da nono, yana jawo ta daga jikin kwano zuwa cikin mai ci, ita kuma guba ce da take lalata ƙwaƙwalwar yara. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga duwatsun da ake daka wa don neman zinariya ta kashe yara sama da 400.

Ƙyallin tangaran gilashi ne siriri da aka narkar a jikin tukunya, kuma wanda Ladi Kwali ta yi aiki da shi na babbar wuta ne. Ita 'yar ƙasar Gwari ce daga garin Kwali, ta koyi gini da hannu tun tana yarinya, kuma Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana ajiye tukwanenta a gidansa. A can Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su. Shi ne ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, a farkon shekarun 1950, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin. Ta ci gaba da gina manyan tulunanta da hannu, tana zana musu ƙadangaru da kunamu da kifaye, amma sai aka riƙa shafa musu haɗin garin dutse da toka da yumɓu, ana gasa su a rufaffen murhu mai zafin da ya haura digiri 1200. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20. Wutar kara ba ta kai wannan zafi, yumɓun tukwanenmu na yau da kullum ma ba zai jure shi ba, zai lotse.

Akwai abin da nake so ɗalibanki su sani kafin su raina tukunyar da ba ta ƙyalli. Tulun da aka yi wa shafen gilashi ya zama abin ado mai nauyi, ba ya sanyaya ruwa. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsatsafo da shi kaɗan-kaɗan, iska tana busar da shi tana tafiya da zafi. A kan wannan ne Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da ganye ba tare da lantarki ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Wannan aiki ne da za ki iya yi da yara a aji.

Idan sheƙi kawai kike so, magina suna da hanyarsu. Ana goge tukunya da tsakuwa mai santsi tun tana da ɗan danshi har ta yi sulɓi, kuma Gwari da Nupe sukan yayyafa mata ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, da zarar an zaro ta daga wuta, sai ta yi duhu mai sheƙi, ta kuma rage tsatsafo.

Tambaya: Ni matashi ne a zangon Kumasi. Na ga yadda ake yin duwatsun wuya da fasassun kwalabe, na gwada a maƙerar yayana. Sun narke sun yi kyau, amma da gari ya waye na tarar yawancinsu sun tsattsage ba tare da kowa ya taɓa su ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malam, kuskuren ba a narkarwa yake ba, a hucewa yake. Gilashi idan ya fito daga wuta bayansa yana riga cikinsa daskarewa. Daga baya cikin ya nemi tsukewa, bayan kuma ya riga ya ƙame, sai su yi ta jan juna a ɓoye har ɗaya ya karye, wani lokaci cikin dare, wani lokaci bayan mako guda a wuyan mai saye. Maganinsa shi ne a tsayar da shi na ɗan lokaci a zafin da ya kai wajen digiri 500, sannan a bar shi ya sauko a hankali. Wanda ba shi da ma'auni yakan binne duwatsun a cikin toka mai zafi, ko ya toshe bakin murhu ya bar su su kwana a ciki. Gwargwadon kaurin abu, gwargwadon daɗewar da yake bukata.

Kuskure na biyu da nake zato shi ne gauraya. Kwalbar lemo da gilashin taga da kwanon gilashin da ake sawa a wuta ba haɗinsu ɗaya ba, kowanne da yadda yake kumbura da tsukewa. Idan an narka su tare za su manne, amma ba za su zauna lafiya ba. Ka ware kwalabe iri ɗaya, launi ɗaya, ka fara da su. Gilashin kwalba yashi ne wajen kashi 70 cikin 100, sauran kuma soda ne da farar ƙasa. Yashi zalla sai ya kai wajen digiri 1700 yake narkewa, soda ce take sauko da shi, kuma shi ya sa sake narka kwalba ya fi ƙera gilashi daga yashi sauƙi nesa ba kusa ba. Koren kwalba daga ƙarfe yake, shuɗi mai duhu kuma daga wani ma'adini da ake kira kobal.

Kana kusa da malaman wannan aiki. Mutanen Krobo da ke gabashin Gana sukan daka kwalba ta zama gari, su tankaɗe, su zuba a ƙananan ramukan da suka yi a jikin faifan yumɓu, su soka ɗan itacen ganyen rogo a tsakiyar kowanne. A cikin wuta itacen yakan ƙone ya bar hudar da za a zura zare. Bayan sun huce sai a goge su a kan dutse da yashi da ruwa. Idan ka je kasuwar duwatsu ta Koforidua ranar Alhamis za ka ga aikinsu tuli. A Nijeriya kuwa unguwar Masaga ce a Bida, inda Nupe suke aiki da wata hanya dabam. Suna narka gilashin a murhun ƙasa da zuga-zugi, mai aiki ya ɗebo shi a bakin sandar ƙarfe yana malala kamar zuma, ya naɗe shi a kan wata sandar yana juyawa, ko ya buɗa shi ya zama awarwaro wanda ba a ganin inda aka haɗa. Masaga suna cewa kakanninsu daga Masar suka taso, kuma a da suna dafa nasu baƙin gilashin da yashi da kanwa, wanda suke kira bikini, kafin kwalabe su yawaita. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya Bida cikin jerin biranen da ta karrama saboda sana'o'in hannu. Tun kafin waɗannan ma, masu tonon tarihi sun sami shaidar ƙera gilashi a Ile-Ife wadda ta kai ƙarni na 11.

Busa gilashi da bututu, irin wanda ake yin kofi da tulu da shi, fanni ne dabam. An gano shi a yankin Sham a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bunƙasa a tsibirin Murano na Italiya, inda hukumar birnin Banis ta tattara murahun masu gilashi a 1291, kuma har yau ana yinsa a Al-Khalil ta Falasɗinu. Yana bukatar murhun da ba ya mutuwa dare da rana, don haka ban ba ka shawarar ka fara da shi ba.

Idan za ka daka kwalba, ka jiƙa ta da ruwa ko ka rufe turmin da tsumma, ka kuma ɗaure hanci da baki, domin ƙurar gilashi tana zama a huhu ba ta fita. Kada ka taɓa dogon ƙwan lantarki mai farin gari a ciki, akwai zaiba a cikinsa, haka ma gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya, wanda yake ɗauke da dalma. A gwajinka na gaba ka yi duwatsu ashirin daga kwalba iri ɗaya, ka binne goma a toka mai zafi har safe, ka bar goma a fili kamar yadda ka yi a baya, sannan ka rubuto mana nawa suka tsira a kowane ɓangare.